Ra'ayinmu: Karo-karon da ya tashi Amplitude, da abin da masu gudummawa suka tsira da shi

A ranar 5 ga watan Mayun 2014 wani kamfanin ƙera wasannin bidiyo na ƙasar Amurka mai suna Harmonix ya fito a dandalin Kickstarter na intanet yana neman jama'a su tara masa dala 775,000, wato kimanin sefa miliyan 370 a canjin wancan lokaci, domin ya sake gina wani tsohon wasan kiɗa nasa mai suna Amplitude. Ya ba kansa kwana 18 kacal. Kuɗin sun yi ta tafiyar hawainiya, har masu lura da al'amura suka fara cewa da wuya a kai labari, sai gab da rufewa jama'a suka yi ca, aka tashi a ranar 23 ga wata da dala 844,127 daga hannun mutum 14,112. Tun da yake yanzu ƙura ta lafa, an fitar da wasan, an buga shi, kamfanin kansa ma ya koma hannun wasu, lokaci ya yi da za a zauna a yi hisabi a kan wanda ya zuba da wanda ya kwasa.

Ga waɗanda ba su san wasan ba, Amplitude ya fara fitowa ne a 2003 a na'urar PlayStation 2, shekara biyu bayan yayansa mai suna Frequency, kuma kamfanin Sony ne ya ɗauki nauyin fitar da su duka biyun. Mai wasa yana tuƙa wani ɗan jirgi a kan hanya mai layuka da dama, kowane layi yana ɗauke da sashe ɗaya na waƙa: wannan ganga, wancan jita, wancan muryar mawaƙi. Idan ya danna maɓallai daidai da bugun kiɗan wani layi, sai layin ya ci gaba da tashi da kansa na ɗan lokaci, shi kuma ya tsallaka na kusa kafin na farkon ya mutu. Kwatankwacinsa shi ne a ce mutum ɗaya yana zagaya ayarin makaɗa, ya tayar da mai kalangu, ya ruga ya tayar da mai goge, ya dawo kan 'yan amshi, har waƙa ta haɗu ta tsaya da ƙafafunta. Masu sharhi sun yaba wa wasan ƙwarai, amma a kasuwa bai yi abin kirki ba.

Wannan faɗuwa ce ta koya wa mutanen Harmonix, kamfanin da Alex Rigopulos da Eran Egozy suka kafa a 1995 bayan karatunsu a jami'ar MIT, cewa jama'a sun fi son abin da za su riƙe a hannu su ji kamar su ne makaɗan. A 2005 suka ƙera Guitar Hero da jitarsa ta roba, a 2007 kuma Rock Band, wasanni biyu da suka cika ɗakunan Amurka da Turai. A 2006 kamfanin Viacom, mai tashar MTV, ya saye Harmonix a kan dala miliyan 175. Da kasuwar jitocin roba ta cika ta tumbatsa, Viacom ya rabu da shi a ƙarshen 2010, kuma a farkon 2011 kamfanin Activision ya dakatar da jerin Guitar Hero da ke hannunsa. Don haka Harmonix ɗin da ya fito neman gudummawa a 2014 kamfani ne mai suna da tarihi, sai dai ba shi da uban gida mai zurfin aljihu, kuma babu ɗan kasuwar da zai zuba kuɗi a wasan da tun farko bai sayu ba.

Tsarin Kickstarter, wanda aka buɗe a 2009, mai sauƙi ne. Mai neman kuɗi yana faɗin adadin da yake so da ranar rufewa. In an kai adadin, a cire kuɗi daga asusun waɗanda suka yi alkawari, dandalin ya ɗauki kashi 5 cikin 100 ban da ladan masu sarrafa biya. In ba a kai ba, kowa ya riƙe abinsa, ko ƙwandala ba ta motsi. Abin da mai bayarwa ke samu tukuici ne gwargwadon abin da ya bayar: kofin wasan, riga, faifan waƙoƙi, ko a rubuta sunansa a jerin waɗanda aka gode wa.

Mu a wannan jarida muna ganin akwai alheri a cikin wannan tsari, kuma bai kamata a raina shi ba. Mutum dubu 14 ba su kai komai ba a idon babban kamfani mai lissafin miliyoyin masu saye, amma da suka haɗa hannu sun isa su dawo da abin da kasuwa ta binne. Idan aka raba kuɗin da aka tara, kowane mutum ya ba da kusan dala 60, kusan jika 29 ke nan, alhali da wasan ya fito kasuwa dala 20 aka sa masa. Ma'ana waɗannan mutane sun biya ninki uku da saninsu, domin sun fahimci in ba su biya ba abin ba zai samu ba sam. Kuma Harmonix ya cika alkawari: wasan ya fito a PlayStation 4 a ranar 5 ga Janairun 2016, na PlayStation 3 ya biyo baya a cikin shekarar. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, wannan kuwa jinka ce da aka ɗauka aka aza.

To amma akwai abubuwa uku da bai kamata murna ta rufe mana ido a kansu ba. Na farko shi ne mallaka. Sunan Amplitude da haƙƙinsa na kamfanin Sony ne, shi ya sa sabon wasan bai fito a kwamfuta ko wata na'ura ba sai PlayStation. Ke nan talakawan masu wasa ne suka ɗauki kasada, suka fitar da kuɗi fiye da shekara ɗaya da rabi kafin su ga kaya, don a raya dukiyar ɗaya daga cikin manyan kamfanonin duniya, wanda kuma a kantinsa ake sayar da wasan. Wata biyu kafin wannan karo-karo, a watan Maris na 2014, Facebook ya saye kamfanin Oculus a kan kimanin dala biliyan 2, kamfanin da jama'a suka tayar da shi a 2012 da gudummawar dala miliyan 2.4 a wannan dandali, kuma ba su da ko sisi a cikin cinikin. Shi ma Harmonix kamfanin Epic Games ya saye shi a watan Nuwamban 2021, ma'aikatansa suka koma yi wa Fortnite wasan kiɗa. Babu doka ɗaya da aka taka a duk wannan, amma mai kallo daga gefe ba zai rasa tuna karin maganar kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi ba.

Na biyu shi ne lokaci. An gaya wa masu gudummawa su sa rai a watan Maris na 2015, sai ga shi an ƙara kusan wata goma. Wannan ma da sauƙi in aka duba wasu. Kamfanin Double Fine ya nemi dala 400,000 a 2012 ya samu sama da miliyan 3.3, duk da haka sai da ya raba wasansa Broken Age gida biyu, rabi a 2014, rabi a 2015, saboda aikin ya fi ƙarfin kuɗin. Mighty No. 9 ya tara kusan dala miliyan 4 a 2013, aka yi ta ɗaga ranar fitowarsa har 2016, da ya fito kuma ya ba masoyansa kunya. Dandalin Kickstarter da kansa yana nanata cewa shi ba kanti ba ne, kuma ba ya tsaya wa kowa lamuni. Sai a 2015 hukumar tarayyar Amurka mai kare masu saye ta ɗauki matakinta na farko a kan wani da ya tara sama da dala 120,000 da sunan wasan allo, ya kashe su a buƙatun kansa.

Na uku, wanda ya fi jan hankalinmu, shi ne waƙoƙin. Amplitude na 2003 yana ɗauke da waƙoƙin manyan mawaƙa irin su David Bowie da Run-DMC da Weezer da Garbage. Izinin amfani da irin waɗannan waƙoƙi yana da tsada, kuma na ɗan lokaci ne, don haka sabon wasan ya zo da waƙoƙi kimanin 30 waɗanda akasarinsu ma'aikatan Harmonix ne suka tsara da kansu, sauran kuma na ƙananan mawaƙa da masu yi wa wasanni kiɗa. An faɗi haka tun farko, ba a yaudari kowa ba. Amma wanda ya ba da kuɗinsa saboda begen dararen da ya kwashe yana buga waƙar da yake ƙauna a 2003, ya samu jirgin da hanyar, bai samu waƙar ba. Wasan kiɗa ya bambanta da sauran wasanni a nan: rabinsa na mai ƙera shi ne, rabinsa na mai waƙa da kamfanin faifansa, kuma karo-karo ba ya iya sayo rabin na biyu sai da kuɗin da ya fi ƙarfin jama'a.

Masu kare tsarin za su ce babu wanda aka tilasta, kowa ya ba da abinsa da ganin dama, kuma wanda ya ba da gudummawar biki ba ya dawowa neman kaso a cikin kayan ɗaki. Gaskiya ne. Za su ƙara da cewa jama'a ba wawaye ba ne, kuma tarihi yana bayansu. A 2016 Harmonix ya sake komawa ga jama'a ta dandalin Fig yana neman dala miliyan 1.5 don kai Rock Band 4 kan kwamfuta, ya samu abin da bai wuce rabi da kaɗan ba, aikin ya tsaya. A 2017 Masaya Matsuura, wanda ya ƙirƙiri PaRappa the Rapper a 1996, shi da abokin aikinsa suka nemi kuɗin wani sabon wasan kiɗa mai suna Project Rap Rabbit, jama'a suka juya baya. Tsohon suna shi kaɗai ba ya buɗe aljihu. A 2023 kuma waɗanda suka yi wasan Patapon, wanda shi ma mallakar Sony ne, suka bi wata hanya: suka bar tsohon sunan wa mai shi, suka raɗa wa sabon aikinsu Ratatan, jama'a suka tara musu sama da yen miliyan 200. A ganinmu wannan hanya ta fi adalci, domin kuɗin jama'a sun tafi ga raya sabon abu a hannun waɗanda suka yi aikin.

Duk da haka, 'yancin bayarwa ba ya ɗauke nauyi daga wuyan mai karɓa. Duk kamfanin da ya miƙa ƙoƙon bara ga masoyansa, wajibi ne ya rubuta ɓaro-ɓaro a shafin farko waye mai haƙƙin abin da za a gina, nawa ne jimillar kuɗin aikin, nawa shi zai zuba daga aljihunsa, da abin da zai faru in aikin ya tsaya a hanya. Manyan kamfanonin da ke zaune a kan tsofaffin wasanni, ba sa sake su kuma ba sa raya su, ya kamata in jama'a sun nuna so da kuɗinsu su ma su zuba nasu, ko kuma su sassauta riƙo a kai wasan wasu na'urori. Su kuma dandalin da ke cin kashi 5 cikin 100, bai dace su ci lada a ranar tara kuɗi su ɓace a ranar cika alkawari ba.

Wani zai ce mene ne ruwan mai karatu a nan da wasan da aka ƙera a Amurka. Ruwansa shi ne tsarin ya riga ya iso gare mu. Kowa da wayarsa a hannu, kuma kusan kullum saƙo na shigowa ta WhatsApp ko Facebook ana neman a tura kuɗi don fim, don faifan waƙa, don wata sana'a. Mun san adashe, inda kowa ke zubawa kuma kowa yana da ranar kwasa. Mun san gayya, inda ake taya mutum noma yau shi ma ya taya wani gobe. Karo-karon intanet yana kama da su a fuska, amma mai karɓa ba maƙwabci ba ne, ba a haɗuwa da shi a masallaci ko a kasuwa, kuma kunyar ido da ke riƙe adashe ba ta aiki a kansa. Kafin mutum ya tura ko jika ɗaya, ya tambaya: in abin ya yi albarka, na wa ne? In ya lalace, wa zai amsa? Me mai neman ya taɓa gamawa a baya? In amsoshin sun gamsar da shi, ya bayar da abin da ba zai hana shi barci ba in ya tafi, ya ɗauke shi a matsayin kyauta.

Mawaƙanmu da masu shirya fina-finai su ma su dubi yadda waƙoƙin 2003 suka gagari masu son dawo da su bayan shekara goma sha ɗaya kacal. Wanda ya riƙe takardar haƙƙin mallaka shi ke da ta cewa gobe, ko da kuwa ba shi ya yi waƙar ba. Saboda haka duk mai fasaha ya karanta abin da zai sa wa hannu, ya kuma ajiye kofinsa.

Mutum 14,112 sun sa kuɗinsu sun samu wasansu, muna taya su murna. Fatanmu shi ne karo-karo na gaba, a can ko a nan, a shiga shi ido buɗe, mai nema ya faɗi gaskiya tun farko, mai bayarwa ya san matsayinsa. Alkawari kaya ne. Allah ya ba masu ɗauka ikon saukewa.