Ciwon ƙoda: Abin da sinadaran ƙashi ke faɗa game da kumburin cikin jiki

Tun da gwamnatin tarayya ta sanar a 2025 cewa ta rage kuɗin wankin ƙoda daga kusan naira 50,000 zuwa 12,000 a wasu asibitocinta, muhawara ta tsaya kan kuɗi da injina. Babu shakka rangwamen ya sauƙaƙa wa iyalai da dama. Sai dai wanki mataki ne na ƙarshe. Binciken da aka yi a shekarun baya-bayan nan ya nuna cewa ɓarnar tana somawa tun da wuri, kuma ƙashi yana da hannu a cikinta.

An daɗe ana ɗaukar ƙashi a matsayin ginshiƙin jiki kawai. A 2007 ne Farfesa Gerard Karsenty da abokan aikinsa na Jami'ar Columbia da ke Amurka suka wallafa binciken da ya nuna cewa ƙashin ɓera yana fitar da wani sinadari mai suna osteocalcin, wanda ke shiga jini ya taimaka wajen daidaita sukari. A 2020 wasu ƙungiyoyin masana biyu sun samar da nasu ɓerayen marasa wannan sinadari, ba su ga matsalar sukarin ba, don haka har yanzu ana jayayya a kansa.

Wanda hujjarsa ta fi ƙarfi shi ne FGF23, wanda aka gano a 2000. Ƙwayoyin da ke cikin ƙashi ne ke samar da shi, aikinsa kuma shi ne umartar ƙoda ta zubar da rarar gishirin fosfet ta fitsari. Idan ƙoda ta fara rauni, sai ƙashi ya ƙara yawan sinadarin domin cike giɓi, tun kafin mutum ya ji wata alama. Daga nan ne matsalar ke rikiɗa. Kumburin cikin jiki, wato yanayin da garkuwar jiki ke zama cikin shirin yaƙi ba dare ba rana, yana ƙara yawan FGF23, haka ma ƙarancin sinadarin ƙarfe a jini. Gwaji kan dabbobi ya nuna cewa idan ya yi yawa yakan tunzura hanta ta ƙara fitar da sinadaran kumburi, yakan kuma sa tsokar zuciya ta yi kauri. Kowannensu yana rura wutar ɗaya. Wannan na cikin dalilan da masana ke dubawa wajen bayyana yadda ciwon zuciya ke kashe masu ciwon ƙoda da yawa tun ba su kai ga injin wanki ba.

Shi ma ƙashin ba ya tsira. Kumburi mai daɗewa yana zaburar da ƙwayoyin da ke cinye ƙashi, shi ya sa masu wasu cututtukan gaɓoɓi ke saurin karaya.

Darasin da ke nan ga ɗan kasuwa da ma'aikaci a fili yake. Hawan jini da ciwon sukari su ne manyan masu lalata ƙoda, kuma auna su bai kai kuɗin wanki ɗaya ba. Shan magungunan ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen kullum ba tare da izinin likita ba yana wahalar da ƙoda. Mai raunin ƙoda kuma yana bukatar shawarar likita kan lemon kwalba nau'in kola da naman gwangwani, domin ana zuba musu fosfet.

Ga hukumomi kuwa, tallafin wanki kaɗai ba zai wadatar ba muddin asibitocin unguwa ba sa gwajin fitsari da na jini ga masu hawan jini da masu ciwon sukari. Naira ɗaya da aka kashe a can za ta fi amfani fiye da wadda za a kashe bayan ƙoda ta riga ta daina aiki.