Son Ƙungiyar Makaranta

Yaro a Kurfi yakan bi wansa zuwa filin ƙwallon makaranta, yana riƙe masa takalma. In sun ci, su yi murna tare. In an cinye su, su koma gida shiru. Da haka son ƙungiya yake shiga zuciya, ya zauna har tsufa.

Abin da aka so a makaranta ba ya barin mutum. Sardaunan Sakkwato, Ahmadu Bello, ya saba da wasan ƙwallon bango a Kwalejin Katsina, inda ya gama a 1931. Har ya zama Firimiya bai daina ba.

Amma ranar da aka sha kashi ake gane masoyin gaskiya. Wanda ya juya baya ran nan, nasara yake so, ba makarantarsa ba.