Lambar Aro A Rumbun Bayanai: Sauƙi Ga Injiniya, Nauyi Ga Manaja

Duk wanda ya ga yadda aka sha fama a farkon shekarar 2023, lokacin da takardun Naira suka yi ƙaranci saboda sauyin fasalin kuɗi, ba ya bukatar a yi masa dogon bayani game da abin da tsayawar na'urar banki ke jawowa. Mai shago ya riƙe kaya yana jiran saƙon shigar kuɗi, mai saye ya tsaya yana rantsuwa cewa an cire masa, ciniki kuma ya lalace a tsakani. Dalilan irin wannan tsaiko suna da yawa. Akwai guda ɗaya da ba kasafai ake kawo shi gaban shugabannin kamfanoni ba, domin ana ɗaukarsa maganar injiniyoyi ce kawai: tsawon lokacin da ake ɗauka kafin sabuwar uwar garke ta maye gurbin wadda ta mutu. Uwar garke ita ce babbar kwamfutar da ke ɗauke da aikin ma'aikata, wadda sauran na'urori ke dogaro da ita.

A manyan bankuna da kamfanonin sadarwa, bayanan abokan hulɗa ba a cikin uwar garken suke zaune ba. Suna cikin wani rumbu na dabam mai ɗimbin faya-fayai, kuma akwai hanyar wayoyi ta musamman tsakaninsu, wadda galibi akan gina ta da fasahar Fibre Channel. Kowace uwar garke tana da kati mai ƙofa da take fita zuwa rumbun, kowace ƙofa kuwa tana da suna mai alamomi 16, haruffa da lambobi a gauraye, wanda aka ba ta tun daga masana'anta. Da wannan suna ake gane ta. Na'urar rarraba hanya tana duba jerin da ke hannunta ta ga ko an yarda mai wannan suna ya yi magana da rumbu. Rumbun shi ma yana da nasa jerin, wanda ke faɗin faifan da za a nuna wa kowane suna. Masu gadi biyu ke nan, kuma dukansu suna kawai suka sani.

To, a ɗauka katin ya ƙone da tsakar dare. An sa sabo, amma sabon ya zo da nasa sunan, saboda haka masu gadin nan biyu ba su san shi ba. Dole a tashi mai kula da hanya ya gyara jerinsa, a tashi mai kula da rumbu ya gyara nasa, kuma da yake an saba gina hanyar kashi biyu don gudun katsewa, aikin sai an yi shi sau biyu. A ma'aikatar da ke da tsari sai an nemi sa hannun na gaba kafin a taɓa komai. Kuskuren harafi ɗaya cikin 16 ya isa ya hana na'ura ganin faifanta, ko ma abin da ya fi muni, ya nuna mata faifan wani. Sauya katin kansa ba ya wuce 'yan mintoci; jiran mutane da takardu shi ke cinye daren.

Maganin da masana suka samo shi ne raba suna da ƙarfe. Bahaushe ya san wannan tsari tun da daɗewa a wajen sarauta: gundumar Galadima ta Galadima ce, ko wane ne aka naɗa. Idan mai riƙe da ita ya kau aka naɗa wani, ba a sake shata iyaka, ba a sake rubuta sunayen ƙauyuka. Haka nan a nan, sai a ware tarin sunayen aro, a ba kowane aiki nasa, a rubuta izini a kan sunan. Duk na'urar da aka ɗora wa sunan ta gaji izinin.

Dabarar tana da fuska biyu, kuma yana da kyau mai sa hannu a takardar saye ya bambance su. Ta farko ita ce ƙa'idar NPIV, wadda kwamitin T11 na Amurka mai tsara dokokin Fibre Channel ya amince da ita. Tana ba ƙofa ɗaya damar yin rajistar sunaye da yawa, ta yadda kwamfutocin gaibu da ke zaune cikin uwar garke guda kowace za ta samu nata suna da nata faifai. Kamfanin IBM ya fito da ita a babbar na'urarsa System z9 a 2005, Microsoft kuma ya sa ta cikin Hyper-V a 2012. Fuska ta biyu ita ce ɗora wa na'ura sukutum sunan aro a madadin na masana'anta, kamar yadda HP ya yi da Virtual Connect, da kuma Cisco da tsarinsa na UCS tun daga 2009. A wannan tsari, idan har manhajar tayar da na'urar ma a rumbu take, sai a ɗauki sunan wadda ta mutu a ɗora wa ta ajiya, ta tashi ta ci gaba daga inda aka tsaya.

Ko shakka babu, ga kamfanin Nijeriya wannan ba ƙaramar riba ba ce. Dala da ake saya wajen Naira 460 a kasuwar hukuma a watan Mayun 2023 ta haura Naira 1,500 a farkon 2024, kuma kati da waya da ƙofar na'urar rarraba hanya duk da kuɗin waje ake sayo su. Na'urar ajiya ɗaya da za ta iya tsaya wa da yawa ta fi a saya wa kowace tata. Bugu da ƙari, ana iya gama shirya izini da faya-fayai tun kayan suna tashar jiragen ruwa ta Apapa ana jiran takardun kwastan, ranar da suka iso sai dai a jona. Ga kuma ƙarancin ƙwararru, tun da yawancin matasan da suka iya wannan aiki suka kama hanyar ƙasashen waje. Saboda haka ra'ayina shi ne duk ma'aikatar da ke da irin wannan rumbu, kayanta kuma suna iya ɗaukar tsarin, ba ta da hujjar ci gaba da ɗaure izini a jikin ƙarfe.

Amma akwai inda gizo ke saƙar, kuma nan ne nake so shugabanni su tsaya. Sunan masana'anta yana da wata kariya da ba a cika lura da ita ba: masana'anta ce ke tabbatar da cewa ba a maimaita shi ba. Da zarar an koma sunan aro, wannan nauyi ya dawo kan ma'aikatar. Idan injiniyan Legas ya ɗebi sunaye daga jeri, na Abuja shi ma ya ɗebi daga jeri iri ɗaya ba tare da sanin juna ba, ba za a ga komai ba sai ranar da aka haɗa hanyoyin biyu, na'urori biyu su bayyana da suna ɗaya. Sannan duk mai ikon ɗora suna a kan na'ura ya zama mai ikon buɗe faifan da sunan ke kaiwa gare shi, ko da kuwa faifan asusun ajiyar jama'a ne. A da sai mutum uku sun haɗa baki. Yanzu mutum ɗaya mai kalmar sirri yana iya wadatarwa. Sauƙin da aka saya shi ne ya rage idanun da ke kan aikin.

Don haka rajistar sunayen nan ta cancanci irin tsaron da ake ba hatimin kamfani da littafin cak. Ta zama mallakar ma'aikata, a rubuce, ba a kan wani injiniya ko a kwamfutar ɗan kwangila ba, domin ranar da ya samu biza da shi za ta tafi. Mai ɗora suna kada ya zama shi ne mai amincewa da ɗorawar. Sunan aikin da aka rufe a soke izininsa nan take. Dokar kare bayanai ta 2023 ta ɗora wa mai riƙe da bayanan mutane alhakin tsare su, kuma ba ta ware wanda ya ce bai san abin da ke ɗakin na'ura ba.

Ba kuma kowa ne ke bukatar tsarin ba. Ƙaramin kamfani da ke kai bayanai rumbu ta wayar sadarwa ta yau da kullum da tsarin iSCSI, sunayensa dama a manhaja suke. Masu amfani da VMware su sani cewa ba kowace kwamfutar gaibu sunanta yana aiki ne kawai idan an ba ta faifai kai tsaye, wanda ba haka aka fi yi ba. Sunaye da yawa a ƙofa ɗaya kuwa ba su ƙara faɗin wayar, duk ita za su bi.

Ga masu binciken bankuna daga Babban Banki, da kwamitocin binciken cikin gida, akwai abu biyu da za su iya nema ba tare da sun zama injiniyoyi ba. Na farko a kawo rajistar sunayen a gani, da sa hannun wanda ya duba ta na ƙarshe. Na biyu a kashe uwar garke ɗaya da gangan a ranar hutu, a ɗora sunanta a kan ta ajiya, a riƙe agogo, sannan a rubuta mintocin a rahoton da za a kai wa hukumar daraktoci.