Wa Ya Yanke Cewa Wannan Wasan Na Manya Ne?

Da annobar korona ta mamaye Ingila a 2020, gwamnati ta kasa wasanni gida biyu: na manya, wato masu cin abinci da wasan, da na sauran jama'a. A ƙwallon maza, an ja layin a rukuni na shida. Muna ganin rabon ya cuci na saman layin da na ƙasansa.

Ƙungiyoyin National League, rukuni na biyar da na shida, sun sami sunan manya, sunan kuma ya zame musu kaya. Ba su da kuɗin talabijin irin na Firimiya. Da kuɗin ƙofa da ɗan cinikin shayi da nama a ranar wasa suke biyan albashi. A Oktoban 2020 suka fara kakar wasa babu ɗan kallo ko ɗaya, alhali ƙungiyoyin da ke ƙasa da su, a gari guda ma wani lokacin, suna shigar da ɗaruruwan mutane. An tallafa wa ƙungiyoyin National League da fam miliyan 10 na wata uku. Da kuɗin suka ƙare aka ce sai dai bashi, kuma a Fabrairun 2021 aka soke gasar rukuni na shida. Ƙungiyar Dover Athletic ta National League da ta ce ba ta da halin ci gaba, sai aka ci ta tara, aka zaftare mata maki 12.

Abin da ya fi ciwo shi ne na 'yan mata. A kullen Nuwamban 2020, makarantun horar da yara maza na manyan ƙungiyoyi suka ci gaba da atisaye, na mata aka ce su koma gida. Yarinya da yayanta, riga iri ɗaya, tambari ɗaya, shi yana fili ita tana tsakar gida.

A Janairun 2021 ma haka aka yi. An ɗaga wa ƙungiyar maza ta Marine, 'yar rukuni na takwas, ƙafa ta karɓi Tottenham a Kofin FA, aka kuma dakatar da kofin mata.

Ba wanda ke musun cewa dole a kare rayuka. Amma da girman fili da yawan jama'a da tsarin gwaji ya kamata a auna haɗarin cuta. Duk ƙungiyar da hukuma ta rufe wa ƙofa kuwa, wajibi ne a biya ta asararta har ranar da za a buɗe.