KUƊIN ƘOFA WAJEN WASAN MAWAƘA: WA YA KAMATA YA BIYA MAKAƊI?

Tun bayan Sallar da ta wuce babu zancen da ya fi yawa a ɗakin hutun malamai da bakin ofisoshi kamar zancen kuɗin ƙofa da a ke karɓa wajen wasan mawaƙa. Waɗansu na cewa masu shirya wasa sun zama 'yan ƙwace da rana tsaka. Waɗansu kuwa na cewa ai kiɗa ba tuwo ba ne, wanda ba shi da hali ya zauna gida. Na saurari ɓangarorin biyu, kowa da tasa gaskiyar, amma a ganina an bar jaki ana dukan taiki. Abin tambaya shi ne: wa ya kamata ya biya makaɗi, kuma me zai samu a bakin kuɗinsa?

Da can makaɗi bai san tikiti ba. Makaɗin fada yana da ubangida, kamar yadda Ibrahim Narambaɗa ya kasance makaɗin Sarkin Gobir na Isa, Salihu Jankiɗi kuma Sarkin Taushin Sarkin Musulmi. Ubangida shi ke ba da doki da riga da hatsin shekara. Makaɗan jama'a kuwa, irin su Alhaji Mamman Shata da kalangunsa, da Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa, da Barmani Coge da ƙwaryarta, galibi a dandali ko gidan biki su ke wasa. Mai hali ya shiga fage ya yi kyauta, talaka ya tsaya bakin taro ya sha kiɗa ba ko anini. Wannan shi ne zamanin da mutane ke begensa.

Amma fa kada bege ya mantar da mu tsadar wannan tsari. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Makaɗin da mutum guda ke ciyarwa, tilas bakinsa ya bi inda hannun nan ya nuna. Ban ga laifin magabata ba, gama zamaninsu ke nan, kuma sun bar mana Hausa wadda har gobe a ke koyarwa a makarantu. Sai dai yau ubangidan ya sake kama. Yawanci ɗan siyasa ne, mawaƙi ya yabe shi bana, baɗi in hannu ya janye ya koma yi masa zambo. Har yanzu ana tunawa da Ɗan Maraya, wanda ya rasu a 1915+100, watau 2015, saboda waƙar da ya yi wa karen mota, mutumin da ba shi da abin ba shi. Mawaƙin da ke jiran ambulan daga gidan manya da wuya ya tuna da irin wannan bawan Allah.

Ga kuma maganar doka. Sashe na 21 na Dokar Babban Bankin Nijeriya ta 2007 ya hana liƙa takardun naira ko watsa su a wajen taro, hukuncinsa ɗaurin aƙalla wata 6, ko tarar aƙalla naira 50,000, ko duka biyu. Ashe ke nan hanyar liƙi ba abin da makaɗi mai hankali zai jingina rayuwarsa a kai ba ce.

Saboda haka ni ina bayan kuɗin ƙofa. In mutum dubu suka biya kaɗan kaɗan, su ne ubangidan mawaƙi, kuma ba zai iya sayar da bakinsa ga ɗayansu ba. Mu kuma yi adalci ga masu shirya wasa. Akwai hayar zaure ko fili, da na'urorin sauti, da masu gadi, da sallamar mawaƙi da yaransa, ga injin wuta da ba ya shan ruwa sai mai, alhali kowa ya san yadda man ya yi tsada tun da aka janye tallafinsa a watan Mayu na 1923+100, watau 2023. Wanda ya ce a yi duk wannan kyauta bai taɓa riƙe littafin kuɗi ba.

To, amma ina kuɗin ya kamata ya tsaya? Ku akawuna, ku ɗauki alkalami mu yi lissafi. Mafi ƙarancin albashi da doka ta tsayar a 2024 naira 70,000 ne a wata. Mu ɗauka an sa kujera mafi araha naira 10,000. Wannan kashi ɗaya ne cikin bakwai na albashin, watau gumin fiye da kwana huɗu. In magidanci ya ɗauki 'ya'yansa biyu, kusan rabin albashi ya tafi a dare guda, ba a yi zancen kuɗin mota ba. Sakamakon haka sai zaure ya zama na masu sayen tebur a gaba. Mawaƙi kuwa idonsa na kan teburan nan, yana kiran sunayensu ɗaya ɗaya. An gudu daga ubangida, an sake komawa hannunsa, sai dai a wannan karo an rufe wa talaka ƙofa, abin da dandali bai taɓa yi ba.

Ni kaina na taɓa biyan kuɗina a wani wasan Sallah. Takarda ta ce za a fara bayan La'asar, da sunayen mawaƙa biyar. Ba a fara ba sai da aka yi Lisha, biyu ba su zo ba sam, wanda ya zo kuma faifai aka saka masa yana motsa baki. An sayar da tikiti fiye da kujeru, ƙofar fita ɗaya tak, babu wurin alwala balle na mata. Da yaro ya ba ni aikin gida irin wannan, da na mayar masa ya sake. Irin wannan ne ke sa mutane su tsani tikiti, ba tsadarsa kaɗai ba.

Sauran magana ita ce ta bukukuwa. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka fara a 1934, UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016, hawan Sallar Kano kuma ya shiga a 2024. Abin da ya jawo wannan daraja kayanmu ne na gida, da kakaki da algaita da tambari a ciki. Amma sau da yawa za ka ga kwamitin wani biki ya kwashe kuɗin kiɗa duka ya ba mawaƙi guda mai tashe, sa'an nan a kira masu kotso da garaya da goge su yi wasa da tsakar rana, a sallame su da kuɗin mota. Ɗan makaɗin da ya ga an yi wa ubansa haka ba zai gaji gangar ba, kuma ranar da ta yi shiru ba kuɗin da zai tashe ta.

Ga shawarata. Na farko, kowane wasa a ware kujeru masu yawa a kan kuɗin da bai wuce ladan yini guda na ƙaramin ma'aikaci ba, teburan manya su cike giɓin. Na biyu, a buga kuɗi da lokaci da sunayen mawaƙa a jikin tikiti, in wani bai zo ba a mayar wa mutane wani abu daga kuɗinsu. Na uku, hukumar da ke ba da izini kada ta sa hannu sai ta ƙidaya kujeru da ƙofofi. Na huɗu, kwamitin biki ya rubuta yarjejeniya da makaɗan gargajiya, ya ba su lokaci mai kyau da lada mai kyau. Makarantu ma suna da zauruka da filaye waɗanda ke zaune a kulle lokacin hutu, ana iya ba da hayarsu da rangwame don wasan rana.

Mu kuma masu sha'awar kiɗa, in an yi mana adalci mu biya da daɗin rai, mu bar neman a shigar da mu ta ƙofar baya don mun san mai gadi. In kiɗa ya sake, rawa ma sai ta sake. Allah Ya sa mu gane, amin.