Ba A Ba Kura Ajiyar Nama

Akwai wata magana da 'yan siyasa kan yi wa talakawa, su ce tun da shugaban jam'iyyarsu mutumin kirki ne, ba laifi in ƙidayar ƙuri'a ta zama a hannun mutanensa. Wannan magana ɓata ce. Abin da ya faru a jihar Kentaki ta ƙasar Amurka a ƙarshen ƙarni na 19 ya isa shaida.

A zamanin nan jam'iyyu biyu ne ke jayayya a kan kujerar Gwamna, watau Dimokurat da Rifablikan. Dimokurat sun daɗe suna mulki, sai a 1895 Rifablikan suka kā da su a karo na farko. Abin ya yi musu ciwo ƙwarai. Cikinsu akwai wani lauya, William Goebel, ɗan Majalisar Dattawan jihar, wanda ya yi suna wajen faɗa da kamfanin reluwe na Louisville and Nashville. Tare wa talaka faɗa aiki ne mai kyau, ba mai musu. Amma a 1898 sai ya sa aka yi dokar da ta kafa hukumar zaɓe ta mutum uku. Majalisa ke naɗa su, su kuma su naɗa masu duba zaɓe a kowace gunduma. Majalisar kuwa Dimokurat ke da rinjaye cikinta.

A 1899 Goebel ya tsaya neman Gwamna. Da aka ƙidaya, William Taylor na Rifablikan ya fi shi da ƙuri'a 2,383. Biyu daga cikin mutum ukun nan suka riƙe amana, suka ce Taylor ne ya ci, aka rantsad da shi a Disamba. Da an tsaya nan, da an zauna lafiya. Amma Dimokurat suka kai ƙara majalisa, inda su ne masu ƙara, su ne alƙalai. Magoya bayan Taylor kuma suka taso daga duwatsun gabas da bindigogi, suka cika Frankfort, babban birnin jihar.

Ran 30 ga Janairu 1900 aka harbi Goebel daga ɓoye yana kan hanyar shiga majalisa. Taylor ya fito da soja, ya hana majalisa zama. 'Yan Dimokurat suka taru a asirce, suka ce Goebel ne Gwamna, aka rantsad da shi yana kwance ran 31. Ran 3 ga Fabrairu ya rasu. Jihar ta zama da gwamnati biyu, har kotu ta bai wa mataimakinsa, Beckham, kujerar. Taylor ya gudu jihar Indiyana don kada a kama shi bisa zargin hannu cikin kisan.

Masu kāre Goebel suna cewa kamfanin reluwe ya zuba kuɗi cikin zaɓen, an kuma yi maguɗi. To, a ce haka ne. Wanda aka cuta sai ya kai ƙara gaban alƙalin da ba shi da rabo cikin dukiyar. Wanda ya naɗa alƙalinsa da kansa, ko da gaskiyarsa, ba mai yarda da hukuncin. Wanda kuwa ya ɗauki bindiga don ya rama, laifinsa ya fi na kowa, gama jinin mutum ya fi kujerar Gwamna tsada.

Cikin shekarar nan ta 1900 majalisa ta soke dokar Goebel da hannunta, bayan mai dokar ya shiga kabari. In za a gina ramin mugunta, a gina shi gajere.

Saboda haka duk wanda ya iya karatu, in aka zo neman ƙuri'arsa, kada ya tsaya ga tambayar halin ɗan takara kaɗai. Ya tambayi wa zai ƙidaya, wa ya naɗa shi, wa kuma zai yi shari'a in an yi gardama. In amsar duka ukun jam'iyya guda ce, to, nama yana hannun kura. Allah ya kiyashe mu da son zuciya, amin.