Ƙazantar Jakara: Ina Tanadin Gobe?

'Yan uwa, duk wanda ya san Kano ya san Jakara. Kwatamin birni a cikinta yake zuba, Getsi ta ƙaro mata dattin masana'antun Bompai, su gangara madatsar Wasai, akasari ba a tace ba. Da ruwan nan ake ban-ruwan latas da kabejin da talaka ke ci.

Gari kullum faɗaɗa yake. Matatar ƙazamin ruwa kuwa fili take so a gangaren gari, kuma da lissafin jama'ar shekaru 30 masu zuwa ake gina ta. In mahukunta ba su keɓe filin yau ba, gobe an yanka shi fulotai.

Samari, ku za ku gaji garin nan. Ku tambaye su: ina filin?